Keshi da yaran gida

Stephen Keshi ɗan wasan baya ne da ba ya ɗaukar raini. Da hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da shi a 1985, bai tsaya roƙon kowa ba, ya tattara ya tafi Abidjan, daga can ya wuce Beljiyam, ya buga wa Lokeren da Anderlecht. Yara da dama sun bi sahunsa, ciki har da Nii Lamptey ɗan Ghana. A 1994 shi ne kyaftin da Super Eagles ta ci kofin Afirka a Tunisiya.

Amma ni aikinsa na koci ya fi tsaya mini a rai. Ya kai Togo gasar cin kofin duniya ta 2006, karo na farko a tarihinta, sai aka cire shi kafin a tafi Jamus, aka ba Bature Otto Pfister. Wani ya yi noma, wani ya kwashe amfanin gona.

Da ya karɓi Najeriya a 2011, sai ya riƙa tara 'yan wasan gida a sansani, waɗanda aka saba kira don cike gurbi kawai. Ya bar Odemwingie da Obafemi Martins, ya tafi gasar cin kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 2013 da su Godfrey Oboabona da Reuben Gabriel na Kano Pillars. An zage shi ba kaɗan ba. Sunday Mba, wanda a lokacin bai taɓa buga wa ƙungiyar Turai ba, shi ya jefa ƙwallon da ta fitar da su Drogba da Yaya Toure, shi kuma ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Kafin Keshi, Mahmoud El-Gohary na Masar kaɗai ya taɓa cin wannan kofi yana ɗan wasa, ya sake ci yana koci.

Mutumin da ya yi shekaru a Turai ne ya fi kowa yarda cewa akwai gwanaye a Warri da Akure da Kano. Duk da haka watanni ya riƙa yi ba albashi, kuma wannan har yau yana yi mini ciwo. Ya kai mu zagaye na biyu na gasar cin kofin duniya a Brazil a 2014, inda Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu, amma a 2015 aka sallame shi. Matarsa Kate ta rasu a ƙarshen shekarar, shi ma ya bi ta a watan Yunin 2016 a birnin Benin, yana da shekara 54.