Giram Tara

Tun kafin alfijir muke buɗe raga. A watan Oktoba sanyin tsaunukan Jos ya fara cizo, ciyawa kuma sharkaf take da raɓa. Bayan kammala digirina na farko na sami gurbin aikin sa kai a wata tashar nazarin tsuntsaye, ni da na tashi da danƙo rataye a wuya, ina harbin 'yan tsuntsaye a gonakin geron ƙauyenmu.

Aikin yana da ƙa'ida. Duk rabin sa'a sai an zagaya ragar, domin wanda ya daɗe a cikinta sanyi ko tururuwa na iya halaka shi. Malam ya koya mini riƙo: wuyan tsuntsu tsakanin yatsu biyu, ba matsewa, ba sakaci. A auna fiffike, a hura gashin ciki a ga sauran kitse, a ɗora a sikeli, sannan a maƙala masa zobe mai lamba a ƙafa. Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak, Mortensen, shi ya faro wannan dabara a 1899.

Wata safiya na zaro wani ɗan mitsitsi mai launin ɗanyen haki, sai na tarar da zobe a ƙafarsa. Malam ya gyara tabarau ya karanta: Stockholm. Nauyinsa giram tara, kitsensa ya ƙare sarai, ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar bakin wuƙa. Daga Suwidin ya taso, ya ƙetare Bahar Rum da Sahara, galibi cikin dare.

Hannuna ya ɗauki rawa. Shekara uku ke nan da Yayana ya bi wannan hanya, amma ya fuskanci arewa. Daga Agadas ya kira mu na ƙarshe, ya ce gobe motarsu za ta tashi zuwa Libiya. Har yau Inna ba ta yarda wayarta ta mutu, ko da kuɗin cefane za ta biya mai caji. Tsuntsun nan akwai littafin da aka rubuta ranar da aka kama shi da wurin da aka sake shi, kuma wanda ya sa masa zoben zai sami labarin cewa ya iso. Ɗan Inna babu wanda ya rubuta.

"Ɗana, kada ka riƙe shi da yawa," in ji Malam. "Yunwa yake ji."

Na rubuta lambar sau biyu don kada in yi kuskure, na buɗe tafin hannuna. Ya ɗan yi jim, sannan ya faɗa cikin kurmi. Da yamma na kira Inna na ba ta labarinsa. Ta yi shiru, can ta ce, "Allah Sarki. To, shi wa ya nuna masa hanya?"