Abin Da Ya Cinye Mini Sarƙar Keke

Duk wanda ya taɓa leƙa tsohuwar rijiya ya ga yadda igiyar guga ta yi gurbi a jikin itacen da ke bakinta, wani wuri ma har a jikin dutse. Igiya kuwa ba ta kai dutse tauri ba, yau da gobe ce kawai. Na daɗe ina ganin haka ban sa shi a raina ba, sai ran da abin ya taɓa aljihuna.

Ina da keke wanda na ke hawa zuwa ofis, wata da watanni na yi ina tara kuɗinsa. Saboda son da na ke yi masa, kowace Asabar sai in tuttula wa sarƙarsa mai har ya riƙa ɗiga. In babu baƙin mai in ɗebo man gyaɗa a madafa, uwargida tana ta gunaguni. Ni a ganina gata na ke yi masa. Hunturu biyu kacal, sai sarƙa ta soma tsallake haƙora, in na taka ƙafa ta zarce. Na kai wa wani dattijo mai gyaran keke a bakin kasuwa. Ya lakato baƙin abin da ke jikinta, ya murza, ya ce, "Malam, taɓa ka ji." Na taɓa, na ji tsaki-tsaki kamar yashi.

Na ce, "Baba, ai ban taɓa barinta da ƙishin mai ba."

Ya ce, "Shi ne ya kashe ta. Mai ya kama ƙura, ƙura ta zama magagari."

Sarƙa da haƙora duka na sake, watan nan kuwa da bashi muka kai ƙarshensa. Wannan ya sa na shiga bincike, ga abin da na samu.

Ashe ƙarfe, kome santsinsa a ido, in an duba shi da madubin da ke girmama abu, cike ya ke da tuddai da kwaruruka. In biyu suka haɗu, ƙoƙuwar tuddan nan ce kaɗai ke taɓa juna, su cije, sa'an nan su ɓantare in an ja. Cijewar ita ce gogayya, ɓantarewar ita ce cinyewa. Wani Bafaranshe, Amontons, ya nuna a 1699 cewa gogayya nauyi ta ke bi, ba faɗi ba: in ka ninka kaya, ƙarfin ja ya ninku. Aikin mai shi ne ya shiga tsakani ya raba su. Amma ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi ƙarfen gama-gari tauri, to, in suka sami mai suka maƙale, kowane taki ɗaya wāshi ne.

Kada mai karatu ya ɗauka gogayya abokiyar gaba ce tsantsa. Ba don ita ba, da birki bai kama ba, ashana ba ta kyastu ba, mu kanmu da tafiya ta gagare mu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne akwai santsi wanda ba ya bukatar mai. Mu ma'aikatan ofis mun san in kwaɗo ya ƙi buɗuwa sai a goga wa mabuɗi bakin fensir. Baƙin abin nan na cikin fensir falle-falle ya ke kamar takardu a jere, wani yana zamewa kan wani, ga shi kuwa busasshe, ƙura ba ta samun wurin kamawa.

A kan wannan hanya masana suka yi nisa. A 1938, a Amurka, wani mai suna Roy Plunkett na kamfanin DuPont yana binciken iskar sanyaya firji. Ya buɗe tulun iskarsa, ba abin da ya fito, alhali nauyin tulun bai ragu ba. Da aka yanka shi sai ga farin gari mai santsi. Shi ne Teflon. In kana jan ƙarfe a kan busasshen ƙarfe, sai ka sa ƙarfin da ya kai wajen rabin nauyinsa, amma a kan Teflon da ƙyar ya ke kai kashi ɗaya cikin goma. A 1954 Marc Grégoire na Faransa ya gano yadda za a manna shi a cikin kasko, ƙwai ya daina kamawa. Sai dai fa ban ce ba shi da aibi ba. Taushi gare shi, cokalin ƙarfe yana kankare shi, in kuma aka bar kaskon a wuta ba kome ciki, shafen ya lalace. Mai suya da itace ya fi kyau ya riƙe kaskonsa na baƙin ƙarfe.

Hasarar kuwa ba ta ƙaramin ma'aikaci kaɗai ba ce. A 1966 wani kwamiti a Ingila, wanda Peter Jost ya shugabanta, ya ƙiyasta ƙasar za ta tsira da fam miliyan 515 kowace shekara in ta kula da gogayya da shafa mai yadda ya kamata.

Ni dai yanzu da kananzir na ke fara wanke sarƙa. In ta bushe in ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, in juya ta, sa'an nan in sa tsumma in goge na waje sarai, gama a ciki a ke bukatarsa. Sabuwar ta ga hunturu uku ba ta tsallake ba. Uwargida kuma ta sami lafiyar man gyaɗarta.