Daga Bromakote zuwa Grand-Bassam

Ga yawancin mutanenmu na Adjame da Treichville, Bassam wurin shan iska ne na ranar Lahadi: a sha ruwan kwakwa, a ci acheke da gasasshen kifi, a dawo kafin magariba. Amma garin nan shi ne hedikwatar Kodebuwa ta farko, kuma yana da masu shi tun kafin Bature ya taka gaɓarsa. Abin da ya fitar da ni daga unguwar Bromakote da sassafe ke nan, ni da ɗan yayata.

Mun hau mota a tashar Bassam ta Treichville, muka bi ta Port-Bouet da Gonzagueville, teku na hannun dama, itatuwan kwakwa a jere. Tafiyar kusan kilomita 40 ce. Wannan hanya ita ce matan Abijan suka bi a watan Disamban 1949, da yawansu a ƙafa, bayan hukuma ta hana motoci ɗaukarsu. Tun Fabrairun shekarar aka kulle shugabannin jam'iyyar PDCI takwas a kurkukun Bassam, cikinsu har da marubuci Bernard Dadié, daga baya suka shiga yajin cin abinci, matan kuma suka fito neman a sako su. Ranar 24 ga Disamba aka tare matan a bakin gadar tafkin Ouladine da duka da feshin ruwa. Marie Koré na cikin jagororinsu. Yau sunan gadar Pont de la Victoire, gadar nasara. Nan muka sauka, na ce wa yaron, "Ɗana, wannan a ƙafa za mu haye ta."

Hayewarmu ke da wuya sai ga unguwar Faransa, siririyar ƙasa tsakanin tafki da teku. Daga nan aka fara mulkin Kodebuwa a 1893, Binger na gwamna. Zazzaɓin shawara ya yi wa Turawan garin mummunar ɓarna a 1899, suka tattara suka koma Bingerville a 1900. Ciniki ya ci gaba da raya Bassam, har aka buɗe mashigin Vridi a 1950, jiragen ruwa suka koma Abijan, kasuwa ta watse. Tsohon gidan gwamna yanzu gidan adana tufafin gargajiya ne. Mun ga manyan riguna na arewa da sarƙoƙin zinariya na sarakunan kudu, amma inda yaron ya tsaya cak shi ne gaban hoton wani Bature kwance cikin raga, mutane na ɗauke da shi a ka.

A gidan Ganamet, benen wani ɗan kasuwa, saiwar bishiya ta ratsa bango tana tsaga shi, gishirin teku ya cinye ƙarfen, filasta na zubowa in ka taɓa. UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2012, amma gidaje da dama na jiran gyara, ga ambaliyar 2019 ta ƙara musu rauni.

Gaba kaɗan sai ƙauyen N'zima, kuma nan ne ran garin yake. Mata na ƙyafe kifi, masunta na ɗinkin koma a inuwar kwalekwale. N'zima dangi bakwai ne, 'yan'uwansu na can yammacin Ghana. Kowace shekara, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, suna bikin Abissa. Ana fito da babbar gangarsu Edongbole, a shafa farar ƙasa a fuska, a dakatar da makoki. A lokacin ne talaka ke faɗa wa shugaba laifinsa cikin waƙa a bainar jama'a, ba mai taɓa shi, sannan a yafi juna a shiga sabuwar shekara. Wani dattijo da muka gaisa da shi ya nuna mana filin, ya ce mu dawo da kaka mu gani da idonmu.

Zaman mutane a bakin waɗannan tafkuna ya girmi kowane gini na unguwar Faransa. A gaɓar tafkin Ebrie, wajen Songon, masu tonon tarihi sun sami tuddai na ɓawon kodi, ragowar abincin da mutane suka ci ƙarnuka masu yawa kafin zuwan Turawa, gauraye da fasassun tukwane.

Mun ƙare a bakin teku, inda mahara suka kashe mutum 19 ranar 13 ga Maris 2016, Allah ya kiyaye na gaba. Wurin ya sake cika da jama'a. Igiyar ruwan Bassam na da ƙarfi, tana jan ko gwanin iyo, don haka ƙafa kawai muka jiƙa.

'Yan'uwa mazauna Abijan, baƙon da ya san tarihin masu masaukinsa ya fi iya zama da su. In za ku Bassam, ku tafi da yara, ku fara da gada da gidan tarihi da ƙauyen N'zima, sannan ku gangara bakin ruwa.