Fatsar Giwan Ruwa

A ƙasarmu in aka ga magidanci mai sana'a ya saɓa sanda da ƙugiya ya nufi bakin kogi, sai a ce ya rasa abin yi. Fatsa a wurinmu wasan yara ce, su kuwa masunta na ainihi da taru da birgi da mamari aka san su. Ni ba masunci ba ne, ban kuwa gāji su ba, amma shekaru da yawa ke nan ba ni da abin hutawa da ya fi mini fatsa, tun ba ta giwan ruwa a tafkin Kainji ba. Tafkin nan ya samu a 1968, sa'ad da aka gama datse kogin Kwara, ruwa ya yi baya har wajen Yawuri, ya shanye tsohon garin Busa. Duwatsu da kututturan itatuwa da ruwan ya rufe, su ne yau maɓoyar kifin da nake nema.

Sandar gora da tana sun isa kamun karfasa da ƙurungu. Giwan ruwa kuwa sai sanda mai ɗan keken naɗe zare, gama in ya ja dole a sakar masa, in ba haka ba zaren ya tsinke. Nakan sa zaren roba wanda zai ɗauki kilo 20, sa'an nan in ƙulla wani mai kauri kamar kamu biyu kusa da ƙugiya, domin gefen kumatunsa kaifi gare shi kamar aska. Inda tsage ya yi yawa sai a sa 'yar waya, saboda haƙoransa. Ƙugiya kuma a wasa ta. Ka ja bakinta a kan farcenka: in ta kama, ta yi, in ta zame, koma kan dutse.

Koton da ya fi shi ne 'yar karfasa mai rai, kamar tsawon tafin hannu, a soke ta a gadon baya yadda ba za ta mutu da wuri ba. In babu, cokali ma yana yi. Nawa na farko tsohon cokalin shayi ne, na yanke mariƙin, na huda shi gaba da baya, na rataya ƙugiya. In ana jansa cikin ruwa sai ya riƙa juyi yana walƙiya kamar ɗan kifin da ya ji ciwo.

Amma kaya ba su ne fatsa ba, sanin halin kifi shi ne. Giwan ruwa ɗan kwanto ne. Ba ya wahalar da kansa da yawo a sarari, sai ya laɓe bayan dutse ko gindin kututture, ko inda tudu ya gangara cikin zurfi, yana jiran ƙananan kifi su gifta. Idanunsa manya ne, suna gani cikin duhu-duhu, don haka da asuba da almuru ya fi farauta. Wanda ya fito da hantsi ya jefa ƙugiya tsakiyar tafki, to, rana kaɗai zai sha. A kuma yi shiru, gama ƙara tana tafiya da nisa cikin ruwa, filafili ɗaya in ya bugi jirgi ya isa ya kore shi.

Kai, ranar da ya kama, ba ka mantawa! Za ka ji kamar an fizge sandan daga hannunka, keke ya ɗauki kuka. Jim kaɗan sai ka gan shi ya yi tsalle sama, baki buɗe, yana girgiza kai don ya yar da ƙugiya. Kada ka bar zare ya saki, kada kuma ka yi kokawa da shi. Abin da za ka tsare kaɗai shi ne kada ya kai ga kututture, gama da zarar ya naɗe zaren a can, shi ke nan.

Mutanen Amurka suna da wani kifi mai irin wannan hali, suna ce da shi bass, sun kuwa mai da fatsarsa babban wasa har da gasa da kyauta. Abin dariya, wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, da ake ta labarinsa har yau, kilo 10 ne da 'yan kai. Giwan ruwan da aka kama da fatsa a tafkin Nasir na Masar a 2000 kilo 104 ne. Amma akwai abu guda da na ga ya kamata mu duba a wurinsu. Tun 1972 masu shirya manyan gasanninsu suka fara sa a kawo kifi da rai, a auna, a mai da shi ruwa, don sun ga in aka dinga kashe manya wasan zai ƙare. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu: a Argungu, inda ake bikin su tun 1934, ana hana kamun kifi a Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa ake samun ƙattai.

Dalilin kuwa ga shi. Galibin manyan giwan ruwa mata ne, babbar mace guda kuwa tana zuba miliyoyin ƙwai, ta kuma yi shekaru masu yawa kafin ta kai wannan girma. Ga taru mai ƙananan idanu kamar gidan sauro yana kwashe 'ya'ya, ga masu zuba guba a ƙoramu. In mu ma masu fatsar nishaɗi muka bi iyaye muka ƙarasa, me zai saura?

Na taɓa yin wannan magana da wani dattijo Basarke da ke tuƙa ni, bayan na saki wata da ta cika hannu biyu. Ya daɗe yana duban ruwa, sa'an nan ya ce, "Malam, kai albashi kake ci, ni kuwa wannan kifi shi ne hatsin gidana na mako biyu." Na ce, "Gaskiyarka, Baba." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, ba kuwa da irinsa nake ba. Da ni nake, da 'yan'uwana ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda tuwonmu bai rataya ga ƙugiya ba. Matsakaici guda ya ishi tukunyar gida, na kan kuwa ba dattijon ladan tuƙinsa cikakke ko mun koma hannu wofi.

Sakin ma da yadda ake yinsa. Na kan danne ƙayar ƙugiya da filaya tun a gida, don ta fita da sauƙi. Ba na ɗaga babba daga ruwa, ba na kuma sa yatsa cikin kumatunta. Sai in jiƙa hannu, in riƙe leɓenta na ƙasa, in tallafi cikinta, in fuskantar da ita inda ruwa ke gudu. Wata takan farfaɗo nan da nan, wata sai an jima. In ta buga wutsiya da ƙarfi har ta watsa mini ruwa a fuska, sai in buɗe hannu.