Landan: tsohon gidan wuta ya koma masaukin masu hannu da shuni

Duk wanda ya bi gaɓar kogin Tamiz ta kudu, a birnin Landan, ba zai rasa hango wasu dogayen bututun hayaƙi guda huɗu ba, farare fat, bisa wani ƙaton gini na jan bulo. Shi ne gidan wutar Battersea. Ya soma ba da lantarki a 1933, aka kammala ɓangarensa na biyu a 1955. Gawayin dutse yake ƙonawa, irin wanda SONICHAR ke haƙowa a Anu Araren, kuma a lokacin da yake tashe shi ke ba Landan kashi ɗaya cikin biyar na wutarta. An kashe injinansa a 1983. Daga baya wani shiri na mai da shi filin wasanni ya rushe bayan an riga an kware rufin, ginin ya yi shekaru ruwa na dukansa.

A 2012 wasu kamfanonin Maleziya suka saye wurin kan fam miliyan 400. Da yake hukuma ta sa shi cikin gine-ginen tarihi tun 1980, ba halin rushe shi. Bututun huɗu ma, da suka tsufa, sai da aka sake gina su daidai da kamanninsu na dā. An buɗe ƙofa ga jama'a a watan Oktoba na 2022: kantuna a ƙasa, ofisoshin Apple a tsakiya, gidajen kwana 254 a sama da gefuna.

Mai karatu zai ce: yaya ake sayar wa attajiri ɗaki cikin tsohuwar ma'aikata? Dabarar ita ce gidan nuni. A ware gida ɗaya ko biyu, a shimfiɗa gado, a jera littattafai, a ajiye kwanoni bisa tebur kamar maigida ya ɗan fita ne, alhali ba wanda ya taɓa kwana ciki. Mai saye zai shigo, ya ga rayuwar da kuɗinsa za su ba shi.

Kamfanin Michaelis Boyd, wanda ya tsara cikin gidajen, bai je nesa neman salo ba. Ginin na da ɗakunan sarrafa wuta biyu. Na farko, na shekarun 1930, ya sha marmara daga Italiya, da daɓen katako, da rufin gilashi. Na biyu, na bayan yaƙin duniya, farin ƙarfe ne da tayil masu sheƙi, ba kwalliya mai yawa. Daga nan aka fitar da salo biyu. An bar jan bulo a fili ba yaɓe, aka tsare siffar dogayen tagogin ma'aikata. Abin da ma'aikacin jiya ke gani cikin zafi da ƙurar gawayi, shi ne yau ya zama ado mai tsada.

Ba shakka ginin ya tsira, kuma wannan abin yabo ne. Amma akwai sauran magana. Da farko an yi alkawarin gidaje 636 masu sauƙin kuɗi cikin sabuwar unguwar. A 2017 hukumar gundumar Wandsworth ta yarda a rage su zuwa 386, saboda masu aikin sun ce gyaran ya ci kuɗi fiye da zato. Magajin garin Landan, Sadiq Khan, ya fito fili ya soki wannan ragi.

Yau kowa na iya shiga ya zaga kantuna, ko ya biya ya hau ƙolin bututu ɗaya ya kalli birni. Amma in dare ya yi, mai ƙaramin albashi sai ya nemi jirgin ƙarƙashin ƙasa ya koma gida. An adana bulon da ma'aikata suka yi gumi a cikinsa. Wurin kwana kuwa, sai wanda aljihunsa ya kai.