Ido ya fi bindiga tsada

A shekarata ta biyu ta karatu a Liyon, ƙasar Faransa, ƴan ajinmu suka gayyace ni wasan harbin fenti, wanda Turawa ke kira paintball. Ni da na tashi a Maraɗi ina harbin ƙadangaru da danƙo, na ce ai wannan gida na zo. Wasan ya samo asali daga Amurka a 1981, da bindigogin da ake sa wa itatuwa da shanu alama. Sau ɗaya na buga da kayan haya, abin ya shiga raina, na ce sai na mallaki nawa.

Yuro 150 na ware, kusan jikka 100 ke nan na sefa. Mafi yawansu na zuba wajen sayen bindiga ta hannu da tulun iskarta. Ɗan abin da ya rage na sayi garkuwar fuska mafi araha, mai gilashi ɗaya. A raina, bindiga ita ce wasan.

Wata safiya mai sanyi muna cikin daji, numfashina ya turnuƙe gilashin, ban ganin ko tafin hannuna. Dokar farko ta wasan ita ce kada a cire garkuwa a cikin fili. Na san dokar, amma na ce bari in ɗan ɗaga in goge. Ban rufe ba sai na ji tau! a goshi, yatsa biyu bisa idon hagu. Ƙwallon fentin nan faɗinsa milimita 17 ne, kuma yana iya gudun mita 90 a daƙiƙa ɗaya. Alƙalin wasa ya busa, aka fitar da ni. Ina zaune ina shafa ƙulu, tunanina ɗaya ne: da me zan gaya wa inna, an tura ni neman ilimi na komo da ido ɗaya saboda wasa?

Tun ranar na juya lissafina, kuma ga abin da nake faɗa wa ƙannena ɗalibai in sun tambaye ni.

In aljihunka bai da nauyi, kada ka sayi bindiga. Ka sayi garkuwa mai gilashi biyu, wadda iskar da ke tsakaninsu ke hana turnuƙewa, sauran ka yi haya. Bindigar haya in ta ƙi tashi a canza maka, ido kuwa ba a canza shi.

In kana da ɗan hali, bayan garkuwa ka nemi bindigar da ba ta aiki da batir, irin Tippmann 98, mai jure wahala da sauƙin gyara. Ka haɗa da tulun matsattsiyar iska na alminiyam. Ya fi na iskar CO2, wadda ƙarfinta ke hawa da sauka gwargwadon zafi da sanyi.

In kuma gasa kake so, akwai bindigogi masu aiki da batir irin na Planet Eclipse da Dye, waɗansu sun haura yuro 1000, da tulu mara nauyi mai ɗaukar iska da yawa. Amma ka sani suna cin ƙwallo kamar wutar daji, kwali mai guda 2000 bai daɗewa. Kuɗin ƙwallo, ba na bindiga ba, shi ke cinye aljihu sannu a hankali.

Ni dai na sayar da bindigar, na sayi garkuwar kirki, na koma haya har na gama karatu. Abokaina sun yi mini dariya, wai maharbi ba baka. Na bar su da dariyarsu. Hausawa sun ce araha ba ta ado; ni na ga inda ta kusa cin ido. Allah ya kiyaye gaba.