Hula A Kai, Sikeli Daidai

'Yan'uwa, akwai tambayar da samarinmu na Kilomita Biyar suke yawan yi in sun sami aiki a ofis, ko asibiti, ko kantin wani a cikin gari: shin mu bar Hausancinmu a gida ne, ko mu tafi da shi wurin aiki?

Tambayar tana da dalili. Tun rikicin Disamba 2013, lokacin da Musulmi da yawa suka gudu Chadi da Kamaru, sauran kuma suka taƙure a unguwar nan, da yawanmu mun koyi ɓoye kai. Wani ya cire hula kafin ya shiga taksi, wani ya gajarta sunansa, wani ko waya aka buga masa daga gida sai da Sango zai amsa. A lokacin tsoro wannan dabarar tsira ce, babu mai ganin laifin kowa. Amma wanda ya wuni yana ɓuya a wurin aiki, gajiyarsa biyu ce, kuma abokan aikinsa ba za su san shi ba balle su amince da shi. Ko Paparoma Francis da ya zo Babban Masallaci ranar 30 ga Nuwamba 2015, da hulunanmu da manyan rigunanmu muka tarbe shi.

Iyayenmu da suka riƙe kasuwar nan ba su ɓoye kansu ba. Sun iya Sango, sun yi ciniki da kowa, kuma kowa ya san su Hausawa ne. Abin da ya kawo musu masu saye shi ne gaisuwa, da haƙuri, da riƙon amana. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Waɗannan halaye namu ne, kuma babu maigidan da zai ƙi ma'aikaci saboda su.

To, ina iyaka? A ganinmu ga ta: halinmu mu tafi da shi, amma son kai da sunan zumunci mu bar shi a ƙofa. In lokacin salla ya yi, mu gaya wa shugaba a fili, mu sami mai tsaya mana, mu dawo kan lokaci. In ɗan unguwa ya zo, mu gaishe shi da Hausa, amma ya bi layi kamar kowa. In muna cikin abokan aiki da ba su jin Hausa, mu koma Sango ko Faransanci, harsunan hukuma biyu tun 1991, don kada wani ya zaci da shi ake. Kunya kuma kada ta hana mu cewa lissafi bai cika ba, ko da wanda ya yi shi ya haife mu. Bashi da kayan maigida saboda "ai ɗan'uwa ne" shi ke kashe kanti, ya ɓata sunan mutanenmu gaba ɗaya.

Marigayi Boganda ya bar wa ƙasar nan magana, "zo kwe zo", wato kowane mutum mutum ne. Tana ba mu haƙƙin shiga ofis da sunanmu cikakke, tana kuma ɗora mana nauyin auna wa kowa da sikeli ɗaya. Yaran da za su nemi aiki bayanmu, da halinmu za a auna su.

Allah ya sa mu dace, amin.